Ta'aziyyar Danny Rudge

Talata, 8 ga Oktoba, bayan la'asar

Danny Rudge ya mutu. Bobai ne ya hawo har sama ya gaya mini, yana haki, ya dafa ƙarfen bene kamar wanda ya dawo daga huɗa. 'Yarsa Rachel ce ta gani a waya. 'Yan layuka aka rubuta a kansa, a ƙarƙashin labarin ƙwallo: tsohon mawaƙin rock and roll, ya rasu a gidansa a Aston ta Birmingham, ya bar mata. Shi ke nan. Waɗanda suka rubuta ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin da yake tashe.

Likitar unguwa, GP, ce ta ce in riƙa rubuta abin da na yi kullum, wai zai taimaka. Yarinyar da ba ta kai 'yata Aishatu ba tana tambayata ko na san ranar da muke ciki, ni da na zo na ɗaya a lissafi a duk lardin Zazzau. To, ga rubutun. Abin da na ga dama zan sa a ciki.

Bobai ya zauna bai cire hula ba. Ajinmu ɗaya da shi a kwaleji a Zariya, yau kuma ga mu layi ɗaya a Moss Side ta Manchester, tsofaffi biyu da ba wanda ya aika. Ya dubi bangon kicin, inda wuta ta ɗan lasa, ya kawar da kai. Kowa ya shigo sai ya dubi bangon nan. Fenti kawai yake bukata.

Laraba, 9 ga Oktoba, da hantsi

Aishatu ta bugo daga asibitinsu, ina jin ana kiran sunanta a baya.

"Baba, na yi magana da council, masu gidan da kake ciki. In muka ba su notice yanzu, ƙarshen wata sai a mayar musu da key."

"Muka? Ke da wa?"

"Ɗakinka a gidanmu yana ƙasa, ba hawan bene. Gimba ya sa an gyara heating ɗin, ɗakin zai yi ɗumi."

Gimba mijinta ne. Mutumin kirki, akanta, bai taɓa yin dariyar da ba a lissafa ba.

Na ce, "Uwata, ni ba kaya ba ne da za a ɗauka daga Manchester a ajiye a Edgbaston ta Birmingham."

Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa ba na iya yi mata tsawa. Ta sani sarai. Sai ta ce, "Baba, matar da ke ƙasanka tana da yara ƙanana."

Na ce mata ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ba kowa.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da safe

Matar ƙasa ta amsa gaisuwata da kai kawai.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan saukowa daga masallaci

Faifan farko ƙarami ne, baƙi, mai ƙaton rami a tsakiya. Kawun Bobai, ma'aikacin reluwe, shi ya kawo daga Legas. Ranar Asabar muke aro garmahon malamin gida, mu rufe ƙofar ɗakin kwana, a tare ta da akwati. Ba ma jin rabin Turancin. Muryar muke bi. Murya ce kamar ta mutumin da ya sheƙo da gudu daga nesa da labari mai daɗi, numfashi yana ƙwace masa a tsakiyar kalma, ya kamo ta ya ci gaba. Jitar tana binsa kamar za ta riga shi. Ɗan Ruji muke ce masa. 'Ya'yan malamai da 'ya'yan fastoci duk muka taru muna karkaɗa ƙafa a kan siminti, mun yarda cewa ƙasar da ta haifi wannan muryar babu baƙin ciki a cikinta. Ƙaryar da aka yi mini a rayuwa da yawa, amma wannan ta fi kowace daɗi, kuma ba shi ya yi ta ba. Mu muka yi wa kanmu.

Na gaya wa Bobai zan je ta'aziyya.

"Wurin wa?"

"Wurin matarsa. Maureen. Na san gidan."

"Injiniya, Turawa ba sa haka. Kati ake aikawa."

"Kati. A yi maka mutuwa a zuro maka takarda ta ƙofa, kamar tallan pizza."

"To me za ka ce mata? Kai da limaminku ya hana ka ce Allah ya jiƙansa."

Na ce Allah ya ba da haƙuri ba wanda ya hana.

"Ni in na mutu me za ka ce?"

"Zan ce an huta."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ƙafarsa ba za ta kai shi Birmingham ba, ya ce in gaishe ta.

Asabar, 12 ga Oktoba, kafin magariba

Aishatu ta zo. Ta zo da wani mutum mai akwatin kayan aiki, ya raba kukar gas da bango, ya toshe bututun. A gabana. Ni da na karanta lantarki kafin a haifi ubansa, yana nuna mini butar da take kashe kanta in ta tafasa.

Na bari ya tafi, sannan na gaya mata maganar Aston.

"Sai in kai ka a mota, Baba."

"Ni kaɗai zan je. In hau bas, in hau jirgi, in sauka, in yi abin da ya kai ni, in dawo in kwana a gadona. In na yi haka, ki bar maganar council."

"Baba, ba exam ba ne."

"Kowa exam yake yi mini tun watan jiya. Bari ni ma in rubuta tambayar sau ɗaya."

Ta daɗe tana duban ɗan mabuɗin motarta. Idon uwarta gare ta. Marigayiya Kubura ma haka take yi in ta ga ba za ta ci ba yau.

"In ba ka dawo ba fa?"

"Ki kira council."

Ta ce to. Ta wanke kofunan da suke a wanke, ta tafi.

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan azahar

A Aston na fara ganinsa ido da ido. Na zo karatun injiniya da kuɗin gwamnati, kuɗin suka tsaya, waɗanda suka tsayar da su sun mutu da sarauta. Ba wannan zan rubuta ba.

Na ga sunansa a takarda a jikin tagar wani kulob na ma'aikatan masana'anta. Na ɗauka wani ne mai irin sunan. Na shiga. Shi ne. Ya yi ƙiba, gashin ya ja baya, an daina sa shi a rediyo tuntuni. Mutanen da ke wurin ba su cika aji ɗaya ba, rabinsu sun ba shi baya suna shan abinsu. Ana cikin waƙa ta biyu amfilifaya ta mutu. Ya tsaya ya ce ko akwai wanda ya san kan wannan shegiyar. Na tashi. Waya ce ta kwance, ba wani abin a zo a gani ba. Da sauti ya dawo ya nuna ni da wuyan jita ya ce a tafa wa Professor.

Shi kaɗai ya taɓa kirana haka a ƙasar nan. Sauran driver suke cewa, kuma sun yi gaskiya, bas na tuƙa har na tsufa.

Na bi motarsu kusan shekara biyu, ina ɗaukar lasifika, ina haɗa wayoyi. Abin da ban manta ba shi ne wannan: ko mutum goma ya tarar, sai ya yi musu waƙa kamar filin ya cika. Rigarsa sai an matse. Na taɓa tambayarsa me ya sa yake kashe kansa a kan mutanen da ba sa ko kallonsa. Ya ce, "Professor, akwai ɗaya a can baya da yake saurare. Kullum akwai ɗaya. Ban san wanne ba ne, shi ya sa."

Sau ɗaya ya kai ni gidansa. Maureen ta rasa abin da zan iya ci, ta soya mini ƙwai, ta sake soya wani.

Faifan farko ƙarami ne, baƙi. Yayan Bobai ya kawo shi daga Jos. Muna tare ƙofa da akwati.

Na duba baya na ga na riga na rubuta wannan. Ba komai. Ya cancanci sau biyu.

Talata, 15 ga Oktoba, da safe

Na haɗa shayi. Butar ta kashe kanta. Babu abin da ya faru.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan la'asar

Na goge farar riga da babban kwat. Babu abin da ya faru.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan magariba

Na hau bas. Na sauka a tashar Piccadilly. Na hau jirgi, na sauka a New Street, babbar tashar Birmingham, na hau na Aston. Duk ni kaɗai. A rubuta wannan.

Layin ya canza, shagunan duk na 'yan Pakistan da Somaliya ne yanzu, amma gidan yana nan, na ƙarshe kafin kwana. Na ƙwanƙwasa. Ta buɗe da sarƙa a jikin ƙofar. Tsohuwa ƙarama, kamar an rage ta.

"Daga wurin masu jana'iza kake?"

Na ce a'a, Professor ne.

Ta dube ni har na fara jin sanyi a ƙafa. Sannan ta zare sarƙar. "Mai cin ƙwai," ta ce. "Ba ka aiko ka ce za ka zo ba."

Na ce a wurinmu ba a neman izinin zuwa ta'aziyya. Na cire takalmi, ta ce ba sai na cire ba, na riga na cire. Na faɗa mata abin da na zo da shi, da Hausa tukuna, domin da Turanci ba ya da nauyi, sannan na fassara. Ta ce ta gode. Na zauna.

Falon babu kowa. Katuna a jere a kan murhu, furanni sun fara sunkuyar da kai a cikin kwalba. Ba tabarma, ba takalma a ƙofa, ba mace ɗaya a kicin. Mutumin da ya raba mu da barci a Zariya, gidan mutuwarsa shiru kamar ɗakin jiran likitan haƙori. Ba su haihu ba. Ƙanwarta tana can bakin teku, sai ranar jana'iza za ta zo. Wai har yanzu ba a yi ba, sai ƙarshen wata, kuma ƙone shi za a yi, shi ya ce haka. Ba gidana ba ne.

Ta kawo shayi. Ta zauna a bakin kujera tana jira in faɗi abin da ya kawo ni. Da ta gaji ta ce, "Akwai abin da kake so ne? Wasu sun bugo suna tambayar jitocinsa."

"Ba komai. Zama na zo yi."

"Zama kawai?"

"Zama kawai."

"Har yaushe?"

"Kwana uku."

Ta yi dariya, ta toshe baki da hannu kamar ta yi laifi. Na bayyana mata cewa ba kwana zan yi ba, zuwa ake yi a wuni a tafi. A ƙa'ida kwanakin sun wuce tuni, amma tunda ba wanda ya zauna mata, ni ban ga sun wuce ba.

Muka zauna. Agogo yana yi. Can ta jingina da kujera, can na ji numfashinta ya canza. Barci. Ban motsa ba har ta farka. Ta ce rabonta da barcin rana tun ranar. Da zan fita ta ce, "Gobe ma haka?" Na ce gobe ma.

A New Street na tsaya a gaban allunan. Suna da yawa, suna canzawa kafin mutum ya gama karantawa. Na tsaya. Wata ma'aikaciya ta zo ta tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya. Ta sake dawowa.

Ban ɓata ba. Tunani nake yi. In na koma Manchester yau, ƙafafun nan ba za su sake kawo ni gobe ba, kuma na ce wa matar gobe. Wannan shi ne dalili. Na hau jirgin da ke tsayawa a University, tashar unguwar su Aishatu.

Gimba ne ya buɗe ƙofa. Ya ce, "Sannu da zuwa, Baba," ya karɓi kwat ɗina, ya rataye. A ɗakin ƙasa nake wannan rubutun. Heating ɗin yana aiki.

Ban ɓata ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan la'asar

Aishatu ba ta ce komai ba da safe. Na fi son ta ce. Na gaya mata gidan mutuwa ba a ɗora tukunya, sai ta dafa shinkafa da miya kafin ta fita aiki, ta zuba a kula.

Maureen ta ci cokali biyu, hawaye suka zubo, ta ce barkono ne. Ta ci gaba da ci.

Yau ta yi magana. Na tambaye ta ko yana sauraren faifansa a ƙarshe. Ta ce in ta sa masa sai ya ce wane ne wannan yaron, yana da murya. Shekarun baya-bayan nan haka suka yi. Yakan fita sayo madara a tsince shi a wata unguwa. Yakan kunna abu ya manta.

Na ce mata ai tsufa ne.

"Shi ma haka yake cewa. Shi bai wahala sosai ba, Professor. Yana cikin nishaɗinsa. Ni ce nake kwana da kunne ɗaya a ƙofa, ɗaya a kicin. Ko wanka na shiga sai na kashe ruwa in saurara." Ta juya kofinta. "Ka san abin da ya fi ba ni haushi? Bai taɓa cewa, to Maureen, na yarda, ki riƙe mabuɗin ba. Sau ɗaya kawai nake so ya faɗa da bakinsa. Sai da na ɓoye masa, kamar ɓarauniya a gidana."

Ta tambaye ni ko ina da yara. Na ce ɗaya, likita ce.

Na tashi da wuri, na ce zan je masallaci. Na je ɗin.

Asabar, 19 ga Oktoba, bayan magariba

Rana ta uku. Aishatu ba ta aiki, ta ce za ta kai ni. Na bar ta, saboda kayan. Tun asuba take suyar ƙosai, ta cika roba babba.

A mota ta ce, "Baba, sadakar uku za ka yi wa Bature?"

"Ban kira shi sadaka ba. Ƙosai ne."

Maureen ta ce ita kaɗai ina za ta kai wannan. Na ce ba nata ba ne, na maƙwabta ne. Na ɗauki robar na fita, Aishatu tana bina tana cewa, "Baba, you can't just knock, nan ba Zariya ba ce." Na ƙwanƙwasa gidan farko. Wani dattijo mai jan gemu ya buɗe. Na miƙa masa, na ce na gidan Danny ne, ya rasu.

"Mr Danny? Yaushe?"

Na gaya masa. Ya dafe kai. Ya ce sun ga motar asibiti, sun ɗauka an kwantar da shi ne, kuma Turawa ba sa son a dame su. Ya juya ya kira matarsa da yarensu.

Kafin in kai ƙarshen layi mata sun fara fitowa da mayafai. Wata da tukunyar shinkafa, wata da fulas na shayi mai kayan ƙamshi. Da na dawo sai da na tsallake takalma kafin in shiga. Maureen tana tsakiyar kujera, wata 'yar Somaliya ta riƙe mata hannu, tana ta cewa a yi haƙuri gidan ba a gyare yake ba. Ba wanda ya saurare ta. Mazan suka tsaya a ƙofa, ni da mai jan gemu muka samu kujeru.

Ya ce da ni, "Wai da gaske mawaƙi ne? Mu mun san shi da gyara wa yara keke."

Na ce mawaƙi ne. Na ce a wani gari da bai taɓa jin sunansa ba, an yi yaran da suke tare ƙofa da akwati domin su ji shi. Ya gyaɗa kai don ladabi. Bai gane ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Ba a sa faifai ba. Ba wurinsa ba ne. Amma falon ya cika, har zufa ta keto wa mutane.

Na hango Aishatu a kicin tare da Maureen. Ban ji abin da suke cewa ba. Aishatu ce take kuka.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da hantsi

Ruwa ake yi. Ban fita ba.

Litinin, 21 ga Oktoba, da safe

Na tare Aishatu a ƙofa tana ɗaura igiyar takalmi, za ta aiki. Na miƙa mata mabuɗin flat.

"Na yarda. Ki riƙe."

Ta ɗago, ta buɗe baki.

"Kada ki gode mini. Kuma kada ki ce a New Street ɓata na yi."

"Ban ce ba, Baba."

"Faifaina kada a sa su kusa da heating, lanƙwashewa suke yi. Bobai zai nuna wa masu ɗauka. Ranar Alhamis kuma Aston zan riƙa zuwa, ni kaɗai."

Ta ce to.

Na bugo wa Bobai. Ya ce, "Wato ka faɗi exam ɗin da kai ka rubuta." Na ce ya tambayi ubansa. Ba wanda ya ajiye wayar. Daga baya ya ce Rachel za ta iya kawo shi wani lokaci, in ƙafa ta yarda. Na san ƙafar.

Talata, 29 ga Oktoba, bayan azahar

Yau aka yi jana'izar. Na tsaya a waje, ban shiga ba. Ta cikin bango na jiyo sun sa muryarsa, ta lokacin da yake yaro. Har yanzu gudu yake yi.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na je Aston. Na hau a University, na canza a inda ake canzawa, na sauka daidai. Maureen ta soya ƙwai.

Aishatu tana taragon baya, da hular sanyin Gimba a kanta har gira. Da na sauka ta ɓuya a bayan injin tikiti. Tana tsammani ban gan ta ba.

Na rage sauri, kada in ɓace mata.